A Goge Ko A Bari? Tarihin Murya Da Wurin Ajiyarta



Dukkanmu mun san saƙon nan da waya ko kwamfuta kan turo ba shiri: wuri ya cika, sai an rage kaya. Ga mai yawon hira da dattawa don rubuta labari ko tarihin garinsu, abin da ya cinye wurin sau da yawa muryoyin da ya naɗa ne. Daga nan sai zuciya ta ce masa, ai ka riga ka kwafe hirar nan a rubuce, me kuma za ka yi da muryar?

Mun taɓa amsa wannan tambaya cikin gaggawa, mun kuma ji a jikinmu. Mu uku muka je wajen wata tsohuwa a unguwarmu, ta ba mu labarin aure a zamanin ƙuruciyarta, hirar kusan awa biyu. Muka ɗora muryar a manhajar kwafe hira, muka yi kwanaki muna saurare muna bugawa. Da kwamfutar ta cika, muka duba muka ga hirar na cikin manyan kaya, muka goge. Bayan 'yan watanni Allah Ya yi wa tsohuwar rasuwa. Da muka zauna gyaran rubutun, sai muka tarar da inda ta ce a shekarar fari aka kai ta ɗaki. Ɗayanmu ya ce fari na rashin ruwa take nufi, ɗayan ya rantse da kunnensa ya ji fari na ƙwari masu cin amfanin gona. A baki kalmomin biyu sun sha bamban, a takarda kuwa haruffa huɗu ne iri ɗaya. Shekarar da muke son ganowa ta dogara da wanne ta faɗa, mai faɗar ba ta, muryar ma ba ta.

Wannan ne ya sa muka bi diddigin lamarin, sai muka tarar kuskuren namu tsohon kuskure ne, ya kusa sa'a da na'urar naɗar murya kanta.

Kakin da ake kankarewa

A shekarar 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar farko da ke naɗar murya ta kuma maimaita ta, a Amurka. Allura ce ke zana sautin a kan siririn fallen ƙarfe da aka naɗe a jikin wani gwangwani. Shekara guda bayan haka ya rubuta maƙala yana lissafa amfanin da yake hango wa na'urar, kuma abin da ya sa a farko shi ne rubuta wasiƙu da shifta ba tare da akawu yana zaune a gaban mai magana ba. Ashe tun ran gini, an ɗauki naɗar murya a matsayin hanyar kaiwa ga rubutu.

A shekarun 1880 aka koma amfani da gwangwanin kaki, wanda ya fi fallen ƙarfe riƙe sauti. Ofisoshin Amurka da Turai suka rungumi na'urori irin su Dictaphone da Ediphone. Maigida ya yi magana a cikin bututu, a kai gwangwanin wajen mai buga tafireta, ta sa abin saurare a kunne, tana taka feda da ƙafa don tsayar da magana ko mayar da ita baya, hannuwanta kuma suna kan bugu. Fedar nan har yau masu sana'ar kwafe hira suna amfani da ita, sai dai yanzu da kwamfuta ake haɗa ta.

Kowane gwangwani 'yan mintoci kawai yake ɗauka, kuma da kuɗi ake sayensa. Saboda haka a kusa da mai tafireta akan ajiye wata na'ura ta uku, ta aske kaki. Da zarar an buga wasiƙa, sai a kankare saman gwangwanin ya koma sumul, a mayar wa maigida ya sake magana a kai, haka har kakin ya sirance. Wannan ita ce dabarar farko ta tattalin wurin ajiya: a kwafe, a goge, a sake naɗa. Ga wasiƙar ciniki dabarar ba ta da laifi, don babu mai buƙatar jin muryar manaja yana neman a biya shi bashi.

A daidai wannan zamani wani mai bincike, Jesse Walter Fewkes, ya ɗauki irin wannan na'ura a 1890 ya je jihar Maine, ya naɗi waƙoƙi da labaran ƙabilar Passamaquoddy, ɗaya daga cikin 'yan asalin Amurka. Shi bai aske nasa gwangwanayen ba. Suna nan a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, an mayar da su na kwamfuta, kuma jikokin mutanen da aka naɗa suna sauraren su suna farfaɗo da waƙoƙi da kalmomin harshensu da ya ja baya. Na'ura ɗaya, zamani ɗaya, bambancin kawai wani ya gane cewa abin da ke hannunsa ya wuce wasiƙa.

Zamanin tef

A 1935 kamfanin AEG na Jamus ya baje kolin na'urar Magnetophon a Berlin, mai naɗar sauti a kan dogon zaren tef da maganaɗisu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fasahar ta bazu a duniya. Tef ya fi kaki ɗaukar doguwar magana, kuma gogewa ta ƙara sauƙi, don ba sai an kankare komai ba. Da ka danna naɗi a kan tsohon tef, sabuwar murya ta haye ta dā.

A 1948 masanin tarihi Allan Nevins ya kafa sashen tarihin baka a Jami'ar Columbia da ke New York, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin wannan fanni a jami'o'in zamani. Suna hira da 'yan siyasa da alƙalai da manyan ma'aikata, a buga hirar da tafireta, a kai wa mai maganar ya gyara, sannan a ajiye takardar a matsayin asalin hujja. Tef ɗin fa? A shekarun farko gogewa ake yi a sake amfani da shi, sai dai a bar ɗan guntu don na baya su ji kalar muryar mutumin. Masana ne fa, ba jahilai ba. Tef yana da tsada, kuma tarbiyyar masanin tarihi ta lokacin ta ce takarda ce hujja. Daga baya fannin ya sauya ra'ayi, aka koma ɗaukar muryar a matsayin tushe, rubutun kuma hanyar shiga cikinta, amma abin da aka goge ya tafi.

Manyan hukumomi ma ba su tsira ba. A 2009 hukumar NASA ta bayyana cewa ainihin faya-fayan tef da suka naɗi saƙon saukar Apollo 11 a duniyar wata a 1969, ga dukkan alamu an goge su an sake amfani da su. BBC kuwa ta yi shekaru tana goge tef na shirye-shiryen talabijin don a sake naɗi a kai, har zuwa 1978 da ta sauya tsari. Cikin abin da ya salwanta akwai kashi da dama na wasan kwaikwayon nan Doctor Who. Abubuwa biyu a labarin nan sun shafe mu. Na farko, sautin waɗannan kashi-kashin ya tsira ne saboda wasu masu kallo sun naɗa da rikodojinsu a gida. Na biyu, a 2013 aka sanar da gano kashi tara da aka fid da rai da su, kuma a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos aka same su, cikin kwafin fim da aka taɓa turowa Najeriya don nunawa. Abin da London ta goge, kwafin da ya yi nisa da gida ne ya cece shi.

Kaset a gidajenmu

A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, aikin injiniya Lou Ottens da abokan aikinsa. Wannan ne ya shigo da naɗar murya cikin gidajen Hausawa sosai: wa'azi, tafsiri, waƙoƙin makaɗa, wasannin kwaikwayon rediyo, har da saƙon da matafiyi ke naɗowa iyalinsa a madadin wasiƙa. Mu da muka taso a ƙarshen zamanin mun riski kwalayen kaset a ɗakin iyayenmu, wasu na minti 60, wasu na 90.

Masu ƙera kaset sun san haɗarin gogewa, shi ya sa suka sa ɗan harshe a bayansa. In ka karya shi, maɓallin naɗi ba zai danu ba. Mu kuma muka gano maganin wannan kariya: a cusa 'yar takarda a ramin ko a liƙe da salatif, shi ke nan kaset ya koma sabo. Wa ya san yawan muryoyin kakanni da aka haye da waƙar yayi ta wannan hanya? A ɗaya ɓangaren kuma, masu nazarin waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da sauran makaɗan baka, suna bin gidajen rediyo da hannun mutane suna neman tsofaffin kaset, don wata waƙar a wajen mutum guda da ya ƙi haye kasetinsa kaɗai za a same ta.

Lissafin kwamfuta

Da murya ta koma kwamfuta, wurin ajiya ya koma lissafi, kuma lissafin ba shi da wahala. Kwamfuta tana auna sautin ne sau dubbai a kowace daƙiƙa tana ajiye lambobin. A ma'aunin faifan CD da ya fito a 1982, awo 44,100 ake yi a daƙiƙa, kowane awo yana cin bayit 2, a layi biyu na dama da hagu. In aka ninka, daƙiƙa ɗaya ta ci bayit 176,400, minti ɗaya ya ɗan haura megabayit 10, awa ɗaya kuma wajen megabayit 635. Fayil ɗin WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, a irin wannan ɗanyen yanayi yakan ajiye sauti.

Mu kwatanta da wurin da ake da shi. Faifan ajiya na farko da IBM ya fitar a 1956 ya kai nauyin kusan tan guda, amma haruffa miliyan 5 kawai yake ɗauka, wato ba zai riƙe ko rabin minti na irin wannan sauti ba. Ɗan faifan fulofi mai megabayit 1.44 daƙiƙa 8 kawai zai ɗauka. Shi kuwa rubutun hirar awa guda, in an buga shi zalla ba ado, ba ya kai kilobayit 100. Muryar ta ninka rubutunta sau dubbai a cin wuri. To ga wanda kwamfutarsa ta cika, wanne zai fara gogewa?

Matsin nan ne ya haifi dabarun matse sauti. Injiniyoyi a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, sun taka babbar rawa wajen samar da MP3, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 1993, aka raɗa wa fayil ɗin wannan suna a 1995. Hikimarsa ita ce zubar da ɓangarorin sautin da kunnen mutum ba ya cika lura da su. A matsi na kilobit 128 a daƙiƙa, awa ɗaya takan koma wajen megabayit 58. A kilobit 64, wanda ya wadatar da maganar mutum a layi ɗaya, ta koma wajen 29. Sai dai abin da aka zubar ba ya dawowa, kuma duk lokacin da aka sake matse fayil da aka riga aka matse, sai ya ƙara dusashewa, kamar hoton da ake ta sake kwafa daga kwafi. FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage girman zuwa wajen rabi ba tare da zubar da komai ba. Opus na 2012, wanda saƙon murya na WhatsApp ke amfani da shi, yana iya dunƙule maganar awa guda ta koma wajen megabayit 11 a matsi na kilobit 24.

Manhajojin kwafe hira suna da nasu halin da ya kamata mu sani. Da yawansu in ka ɗora fayil, kwafinsa suke yi su ajiye a tasu jakar. Wasu sukan warware matsattsen fayil ya koma ɗanye don su ji daɗin aiki da shi, wasu kuma suna tara ayyukan da aka gama a wata jaka ta daban. Ta haka hira guda sai ta zama uku a kwamfuta ɗaya. Wasu suna da saitin share tsofaffin ayyuka da kansu bayan wasu kwanaki, wato na'urar aske kakin nan ce ta dawo da sabuwar riga. Amfaninta a fili yake in asalin muryar yana wani wuri. In kuwa kwafin da ke cikin manhajar shi kaɗai ya rage, kamar yadda ya faru da mu bayan mun share na waya, to gogewar ta har abada ce.

Me ya sa abin ya fi shafar mai rubutu da Hausa?

Rubutunmu na boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka ta miya, fari uku ko huɗu, duk iri ɗaya muke rubuta su, muna dogara da mahallin magana. Sau da yawa mahallin yakan wadatar, amma wata rana sai ya gaza. Bayan wannan, mai kwafe hira yakan gyara ba tare da ya sani ba. Tsoho ya yi Sakkwatanci ko Katsinanci ko Damagaranci, yatsunmu su mayar da shi daidaitacciyar Hausa. Shirun da tsohuwa ta yi kafin ta ambaci ɗanta da ya rasu, da dariyar da ke nuna ba'a take yi, da muryar waƙar niƙa da ta rera a tsakiyar hira, babu ɗaya da ke shiga takarda. Ga mai rubuta ƙagaggen labari kuwa, waɗannan su ne makarantar koyon yadda mutane ke magana.

Mu tuna da Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 a ƙasar Zazzau. Da hannu aka rubuta maganarta, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma ya zama ginshiƙi ga duk mai nazarin rayuwar matan Hausawa. Kalmominta sun iso gare mu ta hannun wata, kuma mun gode da hakan. Amma wane marubuci ne ba zai so ya ji ko minti biyar na yadda Baba ke jan magana ba? Mu da ke da rikoda a aljihu ba mu da uzurin barin dattawanmu su tafi da muryarsu.

Akwai kuma dalili na gaba. Manhajoji masu juya magana zuwa rubutu da kansu suna ci gaba. Whisper da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022 ya sa Hausa cikin harsunansa, duk da cewa a gwajinmu tuntuɓensa ya fi tafiyarsa yawa. Irin waɗannan za su inganta, kuma muryar da aka ajiye yau za a iya sake kwafe ta gobe, a gwada da rubutunmu a gyara. Wadda aka goge kuwa, kuskuren da muka yi a kwafinta ya zauna ke nan.

To yaya za mu yi da cikar wuri?

Tarihin nan bai ce a ajiye komai ba. Ya ce a raba wasiƙar manaja da waƙar Passamaquoddy. Muryar da muka naɗa don tunatar da kanmu wata dabarar labari, ko taron da aka riga aka rubuta bayaninsa, a goge lafiya. Hirar da ba za ta maimaitu ba kuwa, ita ce asali, rubutun ɗanta ne.

Irin wannan hira a naɗe ta da inganci gwargwadon iko. Ma'ajiyoyin sauti na duniya WAV suke so, mai awo 48,000 a daƙiƙa ko fiye. Mu da ƙarfinmu bai kai nan ba, WAV ko FLAC a layi ɗaya ya isa, don layi ɗaya rabin wurin layi biyu yake ci, kuma hirar mutum guda ba ta buƙatar dama da hagu. In wayar matsattsen fayil kawai take naɗa, a ajiye shi yadda ya fito, kada a sake matse shi.

Daga asalin sai a yi ƙaramin kwafin aiki na MP3, shi za a ɗora wa manhaja. In an gama, kwafin aikin ne abin gogewa, tare da tarkacen da manhajar ta tara a jakarta. Kafin a danna gogewa, a buɗe asalin a inda aka ajiye shi, a saurara a tabbatar yana magana.

Asalin ya kasance a wuri fiye da ɗaya, ɗaya kuma nesa da gida, don darasin Jos ke nan. Kati ko filashi yana lalacewa ba gargaɗi, waya ana sacewa. Gigabayit 15 da Google ke bayarwa kyauta zai ɗauki wajen awa 23 na ɗanyen sauti irin na CD, ko fiye da awa 500 na MP3 mai kilobit 64. Kada kuma a mayar da WhatsApp rumbu, don sauya waya ko goge hira kan tafi da abin da ke ciki.

A raɗa wa kowane fayil suna mai ma'ana: kwanan wata, gari, da wanda aka yi hira da shi. A cikin rubutun a riƙa sa alamar lokaci duk bayan 'yan mintoci, yadda in an yi gardama kan kalma za a koma daidai wurin. A nemi izinin mai maganar tun farko, a naɗi amincewarsa a bakin hirar, sannan a ba iyalinsa kwafi. Haƙƙinsu ne, kuma ya zama ajiya ta uku.

Mutanen Columbia da na BBC suna da hujjar tsadar tef. Mu a yau katin da bai kai farce ba yana ɗaukar ɗaruruwan awanni na magana. Kafin mako mai zuwa, kowannenmu ya duba wayarsa da kwamfutarsa, ya nemo muryar dattijon da in ta ɓata ba za a sake samun ta ba, ya yi mata kwafi a wani wuri. Tsohuwar unguwarmu kuwa, a rubutun da muka ajiye mun bar kalmar fari da alamar tambaya a gefenta. Allah Ya jiƙan ta, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.

Sai mun haɗu a mako na gaba, in Allah Ya kai mu.